Ba Zan Rufe Miki Wuya Ba, Afiniki

Ranar Talata, 11 ga watan Fabrairu, 2025, da hantsi, Ubangiji ya kira Mama Afiniki Meshak Kambai gida. Ta cika a ɗakinta a nan Kafanchan, kanta a kan cinyar 'yarta Miriyam, ni kuma ina riƙe da ƙafafunta. Matar marigayi Meshak Kambai ce, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa. Uwar 'ya'ya huɗu ce, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, kuma ita ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata ta ikkilisiyarmu tun ina goyon ɗana na fari. Za a yi jana'izarta ranar Asabar, 22 ga wata.

Kwamitin jana'iza ya aiko a ce in rubuta 'yan kalmomi da za a buga a furogiram, tunda kowa ya san ni ce ƙawarta. Har an zaɓa mini yadda zan fara, wai in ce ta rasu "bayan gajeriyar rashin lafiya". Na ce wa ɗan aiken ya koma ya gaishe su. Abin da na rubuta ke nan. In sun buga, madalla. In ba su buga ba, ina da baki, kuma an ba ni lokacin magana a coci.

Afiniki, da ke zan yi magana, don ke kin san rashin lafiyarki ba gajeriya ba ce. Kin kuma san halina. Kin sha gaya mini cewa bakina ya fi ƙafata sauri. To, yau babu mai taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci.

A Zonkwa muka haɗu, muna 'yan mata, aka tura mu koyarwa a firamare ɗaya. Ajinki yana jikin nawa, bangon da ya raba mu bai kai rufi ba. Ke komai da waƙa kike koyarwa, har lissafi. Kafin zangon farko ya ƙare yarana sun haddace darasin ajinki sun bar nawa. Na zo da fushi in yi miki kashedi, kika miƙo mini dafaffiyar gyaɗa a gefen zani kika ce in zauna tukuna, faɗa ba ya daɗi da yunwa. Ban yi kashedin ba har yau.

Mutanen unguwarmu ba za su manta da ranar da mata biyu na cocinmu suka kaure a bakin famfo a kan layin bokiti ba. Har an fara cire ɗankwali ana ɗaure ƙugu. Kika kifa bokitinki, kika fara kaɗa shi, kika ƙago waƙa nan take da sunayensu da na mazajensu da irin miyar da kowace ta ƙona a makon. Masu kallo suka amsa. Su kansu masu faɗan dariya ta kayar da su, suka ɗebi ruwa suka dawo gida a jere. Haka kike raba faɗa, ba ki taɓa ɗaga wa kowa yatsa ba.

Da mijina ya rasu, kowa ya zo yana cewa in yi haƙuri. Ke kika shigo da tukunyar faten acca a ka, ba ki ce mini komai game da haƙuri ba. Kika zauna a gabana da cokali kika ce, "Caroline, buɗe baki." Na buɗe. Bayan baƙi sun watse gida ya yi shiru, lokacin da makoki na gaskiya yake farawa, ke kika zauna. Kika tsefe mini kai, kika wanke, kika kitsa, kina tsokanata wai furfurata ta riga hankalina zuwa.

Akwai kuma aikin da muka yi tare wanda ba kowa ke so ba. In 'yar Zumunta ta rasu, mu biyu ake kira mu shirya ta. Mu yi mata wanka, mu sa mata yunifom, a buɗe akwati jama'a su wuce su yi mata kallon ƙarshe. Ni ke ɗaura zani, ke ke ɗaura ɗankwali. Ba ki taɓa yarda da ɗaurina ba. Kullum cewa kike mace ba ta zuwa gaban Ubangijinta da ɗauri a karkace. Daga Kagoro har Kachia babu jana'izar da aka kira ki kika ce kin gaji.

Tarin ya fara ne a ƙarshen daminar bara waccan. Muka ce ƙurar citta ce, tunda a tsakar gidanki kike tsaga ta kina shanyawa. Sai gumi ya biyo baya, sai rama, har zobenki ya fara zamewa. A wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinki, aka ga inuwa a tsakiya. Gwajin kaki bai nuna komai ba, amma aka ce a gwada maganin tarin tibi a gani. Kika sha shi watanni, ba ki tsallake ko rana ɗaya ba, domin ke mai biyayya ce, kuma wannan biyayyar ce take ƙona mini rai yau.

Da labari ya bazu cewa maganin tibi kike sha, aka ware miki kofi. A coci aka fitar da ɗan benci aka ajiye miki a waje, a bakin taga. Ban ce tsoron cuta laifi ba ne. Amma ranar Lahadi in lokacin waƙar Zumunta ya yi, sai a buɗe tagar sosai, a ɗaga miki hannu. Daga waje kike ba da waƙa, mu muna ciki muna amsawa da tulu da caki. Jikinki aka ƙi, muryarki ba a ƙi ba. Na ɗauki kujerata na fito wurinki, kika ce in koma ciki kada in ɓata amshi daga waje ma.

Magani ya ƙare, tari yana nan. Gab da Istar bara Miriyam ta kai ki wani babban asibiti a Jos, na bi ku. Aka sake hoto, irin wanda ake tura mutum cikin na'ura. Likitan ƙirjin mutum ne mai haƙuri, kuma da Hausa ya yi mana bayani. Ya ce a tsakiyar ƙirji, tsakanin huhu biyu, a bayan ƙashi, akwai kaluluwa, kuma naki sun kumbura. Hoto yana nuna kumburi amma ba ya faɗin sunan cutar. Tana iya zama tibin da ya ƙi magani, tana iya zama ciwon daji, tana iya zama wata aba dabam, kuma kowace da maganinta. Ba za a sani ba sai an gutsuro kaɗan an kai ɗakin gwaji.

Ya ɗora yatsa a ɗan ramin nan da ke gindin wuyansa, saman ƙashin ƙirji. Ya ce nan za a ɗan tsaga bayan an yi miki allurar barci, a zura siririn bututu mai fitila ta gaban maƙogwaro a gangara bayan ƙashin, a duba da ido, a tsinko ɗan abin da ake so, a ɗinke. Ya faɗi sunan aikin da Turanci, na ce masa sunan ya fi yankan tsawo, ya yi dariya ya ce haka ne.

Tambaya ɗaya kika yi. "Likita, muryata fa?"

Bai ɓoye miki ba. Ya ce jijiyar murya tana wucewa kusa da wurin, wasu kan farka da dishewa, yawancinsu ta wuce, ƙalilan ne take zauna musu. Ya ce ana iya samun zubar jini, shi ya sa ake yi a ɗakin tiyata da shiri. Ya ƙara da cewa haɗarin zama cikin duhu ya fi wannan nesa ba kusa ba. Kika juyo kika kalle ni kika ce, "To, in na dishe Caroline ta ba da waƙa, ikkilisiya ta watse mu huta." Kin yarda a ranar. Ina so kowa ya ji wannan: Afiniki ba ta ji tsoro ba, ta yarda tun ranar farko. Likita ya ce amincewarki kaɗai yake bukata. Kika ce a'a, ke matar gida ce, sai kin je kin sanar da gidan mijinki kamar yadda ya kamata.

Babban gidan yanzu shi ne Baba Simon, yayan Meshak, yana ƙauye gaba da Zonkwa. A bayan gidan ne kabarin Meshak yake, kuma a gefensa akwai wurin da aka bar miki. Duk lokacin da kika je ƙauye sai kin share wuraren biyu, nasa da naki. Kin taɓa gaya mini cewa aikin jirgi ya raba ku kwana fiye da yadda ya haɗa ku, don haka wannan kwanciyar ta ƙarshe babu mai raba ku.

Kuka je ke da Miriyam, kuka durƙusa kuka gaishe shi, kuka yi bayani. Da ya ji an ce wuya, bai ƙara jin sauran ba. Miriyam ta kawo mini maganarsa yadda ya faɗe ta.

"Wannan mata namu ne, mu muka auro shi. Mu da mun binne mutane da an yanka, yanzu mu kai namu da ƙafanmu a sa mishi wuƙa a wuya? Sai dangi ya zauna miting. In kun yi gaban kanku ya mutu a hannun masu wuƙa, ku nemi inda za ku sa shi. Ba zai kwanta kusa da Meshak ba."

Baba Simon, na san abin da idonka ya gani a shekarun tashin hankali. Mu ma a ƙasar nan muke, mun gani, kuma ba na yi wa tsoronka dariya. Amma 'yar ƙaninka ta durƙusa a gabanka ta auna maka tsawon yankan da yatsanta. Ta roƙe ka ka zo Jos ka ji daga bakin likita, ta ce za ta turo mota har ƙofar gida. Ka ce ba ka da abin da za ka ji daga bakin yaro. Ka san abu ɗaya da matar nan ba za ta iya rasawa ba, ka ɗora hannunka a kansa. Wannan ba tsoro ba ne, Baba, iko ne.

Sai aka shiga jiran miting. Aka ce a bari a gama shuka. Aka gama shuka, aka ce ruwa ya ɓata hanya, tsofaffi ba za su iya hawa babur ba. Ruwa ya ɗauke, aka ce kowa yana gona ana tonon citta. Aka ce ai 'yan birni ba su zo ba, a bari sai Kirsimeti. Ba rashin abin biyan asibiti ba ne ya tsayar da ke, 'ya'yanki sun shirya tun farko. Zama ɗaya a gindin mangwaro aka rasa.

Mu ma 'yan Zumunta ba za mu tsira daga bakina ba. A tsakiyar daminar nan, Miriyam ta je wurin shugabarmu, Mama Patricia, ta roƙe ta ta ɗauki mata biyar ko shida su je su yi wa Baba Simon magana, domin dattijo yana jin kunyar yunifom. Da Mama Patricia ta ji cewa aikin yana iya taɓa murya, sai ta zo gidanki da kanta. Ina zaune ina tsinke miki zogale.

"Maman Miriyam, ki bari a gama babban taro tukuna," in ji ta. "Wa zai ɗaga mana waƙa? Allah da ya ba ki wannan murya ba zai bari cuta ya ci ki ba. Mu dai mu riƙe addu'a."

Na ce mata Allahn da ya ba da murya shi ya ba likita ido. Ta ce bangaskiyata ta yi sanyi. Kika taka mini ƙafa.

Aka yi babban taron. Kin ba da waƙa a gaban mata daga ikkilisiyoyi masu yawa, kina zama a kujera tsakanin baiti da baiti. Muka zo na ɗaya a gasar waƙa, aka ba mu kofi, aka yi guɗa, aka yi ta kaɗa ɗankwali a sama. Lokacin da ake ɗaukar hoto da kofin ba kya ciki. Kina bayan rumfa a durƙushe kina tari cikin zani, ina dafe da bayanki, ina jin ƙasusuwanki a tafin hannuna. Kofin yana nan a ofishin fasto, an goge shi yana ƙyalli. Bayan taron ma babu wadda ta je ƙauye.

Na roƙe ki a lokacin, ba sau ɗaya ba. Na ce mu shiga mota mu tafi, in an gama sa ji. Kika ce, "In na tafi ban dawo ba fa, Caroline? A bar yarana da gawa a hannu da zagi a ka?" Ba ki ji wa kanki tsoron mutuwa ba. Tsoronki kada a ce 'ya'yan Meshak sun kai uwarsu an yanka, a rufe musu ƙofar gidan ubansu.

Kirsimeti ya zo, dangi suka zauna. A lokacin fuskarki ta fara kumbura da safe, kuma ba ki iya kwanciya sai an jingina ki da matashi. Aka kai ki ƙauyen, aka zaunar da ke a gefe tare da mata. Aka fara da rikicin iyakar gona. Aka shiga maganar sadakin wani yaro. Aka yi doguwar gardama a kan wanda zai gyara rufin ɗakin kakanni. Da aka iso kanki rana ta yi sanyi, wasu sun fara neman takalmansu, aka ce magana ce babba, bai kamata a yi ta a gurguje ba, a bari sai Ista.

Miriyam ta ce a nan kika dafa kafaɗarta kika miƙe. Mata ba sa magana a wannan zama sai an ba su, ba ki jira an ba ki ba.

"Baba, na gode. Tun da na shigo gidan nan ban taɓa ƙetare maganarku ba. Amma ba zan kai Ista ba, jikina ya gaya mini. Zan je a duba. In kun hana ni wurin Meshak, ba komai. Meshak ma'aikacin jirgi ne, ya san hanya, zai same ni."

Bayan sabuwar shekara muka koma Jos. Da likitan ya gan ki, sai ya daɗe yana kallon Miriyam. Aka shiga da ke da safe. Na sayi ƙosai a bakin get don in sami abin yi da hannuna, ban ci ba. Kafin rana ta take aka fito da ke, da ɗan filasta a gindin wuya. Muka tsaya a kanki muna jira, ni da Miriyam, babu mai iya kallon ɗaya. Kika buɗe ido, kika dube ni sama da ƙasa, kika ce, "Caroline, ɗaurinki ya karkace."

Murya garau, ko ɗigon dishewa babu. Washegari aka sallame mu.

Da sakamako ya fito, ba tibi ba ne, bai taɓa zama tibi ba. Ciwon daji ne na kaluluwa. Likita ya ce irin wanda sau da yawa yake jin magani ne. Ya ce ba zai rantse ba, rai ba a hannunsa yake ba, amma da a lokacin da ya fara ganin ki aka yi, da yana da kyakkyawan fata. Yanzu ya bazu, kuma jikin da zai ɗauki maganin ya ƙare. An gwada sau ɗaya, jikin bai ɗauka ba, kika ce a kai ki gida.

Ban ce da an yi da wuri lallai da kina raye ba. Ni ba Allah ba ce. Amma an hana ki gwadawa, kuma waɗanda suka hana ki suna da suna, suna da kujera a gaba a coci. Kada wanda ya zo ya ce mini "lokacinta ne ya yi". Lokaci na Ubangiji ne, amma jinkirin namu ne, kada mu haɗa su mu ɗora masa.

Ranar da aka cire filastar kika ce in miƙo miki madubi. Kika ɗaga haɓa kika duba. Ɗan layi ne siriri a kwance cikin ramin wuya. Kika yi ta dariya har tari ya sarƙe ki.

"Wannan ne? A kan ɗan wannan ne aka yi shuka aka yi girbi?"

Da numfashinki ya dawo kika kama hannuna. Kika ce, "Ke za ki shirya ni, tunda babu yadda na iya. Ɗankwalin ki yi a hankali. Amma kada ki rufe mini wuya. Bari mata su wuce su gani da idonsu." Na ce ki daina irin wannan magana. Kika ce in ba ki amsa. Na ba ki.

Ga abin da ya faru bayan kin rufe ido. Dangin da suka kasa zama daga shuka har girbi, kafin faɗuwar ranar Laraba sun zauna. Hanya ba ta hana kowa ba, gona ba ta hana kowa ba, 'yan birni sun iso da motocinsu. An kafa kwamiti da ƙananan kwamitoci. An zaɓi anko, an yi odar rumfuna, an ɗaure bijimi a bayan gida. Zumunta tana gwajin waƙa kullum da yamma, kuma waƙoƙinki ake gwadawa. Ban taɓa ganin ihu bayan hari mai tsari irin wannan ba.

Baba Simon ya aiko da saƙo cewa ya yafe, za ki kwanta kusa da Meshak. Wai shi ne ya yafe. Amma da sharaɗi: a rufe wuyan, kada jama'a su ga an yanka matar gidansu. Mama Patricia ta kawo mini farin gyale mai leshi da hannunta, ta ce a naɗa miki ya sauko har ƙirji, zai ma yi kyau a hoto. Ta ce in yi don zaman lafiya, in ban yi ba dattijo yana iya hana kabarin ana tsakiyar jana'iza.

Na kira 'ya'yanki huɗu na gaya musu abin da kika ce da abin da aka ce, domin gidan ubansu ne, ba nawa ba. Babu wanda ya yi dogon tunani. Miriyam ta ce, "Mama Caroline, sau ɗaya ta roƙi abu don kanta." Sun je sun ga fasto, akwai wuri a maƙabartar coci a nan Kafanchan in ta kai ga haka. Gyalen yana nan a ninke, Mama Patricia, ki aiko a karɓa.

Saboda haka, Baba Simon, da girmamawa nake gaya maka tun yanzu, don kada ka ce an yi maka ba-zata. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zan shirya ta da yunifom ɗinta, wuyan rigar a inda tela ya yanka shi. Kai ne babba, kai za ka fara wucewa ta gaban akwatin. Ka tsaya ka duba abin da ka ƙi zuwa Jos ka ji. In bayan ka gani har yanzu zuciyarka ta ba ka ka raba ta da ƙaninka, ka faɗa a gaban jama'a da bakinka, mu juya da ita. Ta riga ta ba ka amsa tun Kirsimeti.

Ku kuma 'yan'uwana mata, in kun zo wucewa kada ku tsaya yaba kwalliya. Ku dubi ƙasa da haɓarta. Na san aƙalla mace ɗaya a cikinmu da likita ya tura gwaji tun kafin girbi, tana zaune tana jiran a zauna a kanta. Ba zan faɗi sunanta ba, ta san kanta, kuma a layin gaba take tsayawa in ana waƙa. Ki duba da kyau, 'yata. Na ɗora babban yatsana a kan tabon, ya kusa rufe shi duka.

Ya Ubangiji, ka karɓi baiwarka Afiniki cikin jinƙanka. Ka gafarta mata kurakuranta, ka ba ta hutun da ba ta samu a wurinmu ba, ka sa ta cikin masu yabonka inda babu tari, babu benci a bakin taga. Ka ji tausayin Baba Simon, ka warkar masa da abin da idonsa ya gani, ka tausasa zuciyarsa kafin Asabar. Ka ji tausayin Zumuntarmu. Ni ma ka ji tausayina, domin an koya mini in yafe, kuma zan yafe, amma yau ban kai can ba, ba zan kuwa yi maka ƙarya ba.

Miriyam, Levi, Jason da Faustina, sannunku. Kun yi wa uwarku abin da 'ya'ya ke yi, kada kowa ya sa ku sunkuyar da kai. Ubangiji ya ta'azantar da ku, ya zama uwa da uba a gare ku da 'ya'yanku. Ina miƙa ta'aziyyata ga gidan Kambai gaba ɗaya, da dangin da ta fito, da ikkilisiya, da dukan yaran da suka koyi lissafi da waƙa ta saman bango.

Afiniki, ƙawata, sai mun sadu a gaban Almasihu. Tun ranar Laraba nake gwada ɗaurin a kan Miriyam, ta ce ya fara zama daidai. Ba zai karkace ba. Wuyanki kuma a buɗe zai tafi.

Malama Caroline Shekari
Kafanchan